Turaku Takwas a Tudun Aduwa

Ranar Litinin da hantsi aka gane an tayar da turakun filin 'yan gudun fari a Tudun Aduwa. Uwani ce ta gane, ɗaya daga cikinsu, matar da ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Tun ranar da muka fara awo ta ƙyalla ido a kan wata aduwa da ke cikin layin sama, ta ce a inuwarta za ta kafa murhu. Da ta je ɗiban itace ran nan, sai ta tarar da aduwar tana waje, turakun kuma sun koma can gangare, bakin kwarin da ake ƙona shara.

A watan Maris na 1985 ne, damina ta ƙi har sau biyu. Iyalai arba'in sun gangaro daga arewacin Mayahi bayan dabbobinsu sun ƙare, suna zaune cikin bukkokin kara a gefen gari. Kumandan, wani kyaftin na soja mai mulkin yankin, ya ba da umarni a yanka musu filaye su yi gini kafin ruwa ya sauka. Mu uku biro, wato ofishin awon ƙasa, ya turo: Salifu shugaban awo da muke kira Mushe, wato Malam a bakin 'yan boko, Garba direba wanda yake ja mana sarƙar awo, sai ni Maimuna, da na gama jami'a a Yamai nake shekarar yi wa ƙasa hidima. Ni na zana taswirar. Ranar Asabar muka gama kafa turakun siminti, muka shafe su da farar ƙasa, muna jiran Kumandan ya zo ranar Alhamis ya raba.

Wanda ya yi aikin ya san abin da yake yi. Turaku takwas na sama kawai ya cire ya kai su ƙasa. Filaye suna nan arba'in cif, sai dai takwas daga ciki sun bar tudu sun faɗa inda ruwa yake kwanciya.

Kafin in iso, rabin gari ya taru, kuma an riga an yanke hukunci.

"Nuhu ne! Wa ke da gona a nan sama in ba shi ba?"

"Ai ya hwaɗi da bakinai, an cinye mishi gamba."

"Ga sawun amalankenai nan, makaho ma ya gani."

Nuhu manomi ne, ɗaya daga cikin gidaje shida na Kirista a garin. Gonarsa ce take iyaka da tudun, kuma gaskiya ne ya yi ƙorafi ranar da awonmu ya ci gamba, ciyawar da ubansa ya dasa a kan iyaka. Maigari bai tsaya dogon tunani ba. Tsoron Kumandan yake ji kamar kowa. Ya sa dogarinsa ya ɗaure hannun Nuhu aka kai shi zaure.

"Ran Alhamis sojoji su tahi da shi Tasawa," in ji shi. "Ni ba a kama ni da laihin wani."

Kowa ya san abin da gidan kason Tasawa yake nufi a wannan zamani. Mutum yakan shiga ba ranar fita, ga shuka tana matsowa.

Larai matar Nuhu ba ta yi kuka ba. Ta ɗaura zane ta nufi ƙauyen Korgom a ƙafa, da azahar sai ga ta ta dawo da Baba Sanda a kan jaki.

*

Baba Sanda mai bin sawu ne. An ce ya taɓa bin raƙumin sata kwana tara har ya kamo shi. Ɗan tsamurmurin tsoho ne, idonsa ɗaya ya yi fari, yana riƙe da sandar gora. Ya dubi filin da ɗaruruwan ƙafafu suka tattake, ya yi tsaki.

"Kun zo kallo kun cinye mini tuwo. To, kowa shi koma gida. Wa ya zana takardar wurin ga?"

Aka nuna ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Ke ce 'yar biro? Taho, ɗiyata. Ke karanta taki, ni in karanta tawa."

Muka fara da sawun amalanke. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna mini wani siririn zane da ya ratsa kan sawun tayar.

"Mi ne ne wanga?"

"Ban sani ba, Baba."

"Gwano ne. Ya bi ta nan, wani ya biyo bayanai, wani kuma ya sake bi. Kwana biyu ke nan aƙalla. Amalanken ga tun Asabar ya wuce, kuma taki ya ɗauko, ga shi ya zuba." Ya miƙe. "Jaki bai yi laihi ba."

Tsakanin tsoffin ramukan da sabbi babu sawun kowa sai na 'yan kallo, amma a gefe, inda ba a taka ba, yashin yana da wasu layuka kamar an taje shi. Baba Sanda ya ce reshen sabara aka ja aka share.

Na ɗauko sarƙar awo na auna tsakanin sabbin turakun, ya riƙe mini bakin. Mita ashirin, mita ashirin, ba ƙari ba ragi, kuma a miƙe kamar zare.

"Baba, manomi ba zai iya wannan da taku ba."

"Wa ka iyawa?"

"Mu uku. Ni, da Mushe Salifu, da Garba."

Ya dube ni da idonsa mai gani, ya yi 'yar dariya. "To, ke ma kin shiga cikin tukunya. Kin san haka kika hwaɗi?"

Na ce na sani.

*

Muka tarar da Nuhu zaune a ƙasa a zauren Maigari, igiya a wuyan hannunsa. Ya gaishe da tsohon kamar a gidansa ya same shi.

"Nuhu, kai ka tada turakun?"

"Baba Sanda, in da zan tada su, da rana tsaka zan yi, in kira Maigari shi gani. Na yi magana kan gambata, i. Daga baya na ga matan nan da 'ya'yansu cikin rana, na ce a bar musu. Tambayi Madmazel."

Ni ake kira haka, na gyaɗa kai. A gabana ya faɗa.

"Ina kake yau da asuba?"

"Ina kwance. Shaidata Larai, ita ko an ce shaidar mata ga mijinta ba ta ci." Ya rage murya. "Baba, in sunka tahi da ni, irin hatsina yana cikin tulu ƙarƙashin gado. A gaya wa Larai kar ta daka shi komi yunwa."

Baba Sanda ya tashi muka fita.

*

Da la'asar sakaliya Baba Sanda ya bar filin ya shiga kewaya shi daga nesa, yana faɗaɗa da'ira. Ya ce mai shara yakan share inda ya yi ɓarna, ba ya share inda yake ganin ya yi abin kirki. Ban fahimce shi ba sai da muka kai bayan wani kalgo, kusa da jar hanyar mota. Ya ɗaga hannu na tsaya.

Ganyen kalgon ya tare iska, yashin wurin yana nan lumui. A kansa akwai tafin hannu biyu, yatsu a buɗe, an buga su a ƙasa. Gaba kaɗan ga gurbin yatsun ƙafa, ga gwiwoyi biyu, ga wasu tafukan, ga ɗan zagayen goshi da hanci.

"Taimama," na ce a hankali.

"Asuba ta riske shi nan, ba ruwa kusa. Ɗan halak, ya cuci bayin Allah arba'in amma bai yarda salla ta wuce shi ba." Ya girgiza kai. "Duba cikin tahin."

Na durƙusa. A cikin gurbin hannun akwai ɓarɓashin fari, irin farar ƙasar da muka shafa wa turakun.

"Ashe Nuhu ya fita!" Muryata ta ɗaga har na ji kunya. "Nuhu ba ya salla irin tamu."

"Ya hita a wurina da wurinki. Maigari zai ce shi dai a ba shi wanda zai miƙa wa soja. In ba mu kawo wani ba, Nuhu ne."

Ya ɗora sandarsa a kan gurbin, daga tsakanin ƙafafu zuwa goshi. Ya koma baya ya dubi sandar, ya dubi inuwarsa, ya dubi hasumiyar masallacin gari.

"Ɗiyata, ina gabas?"

Na nuna.

"Haka kowa zai nuna, haka masallaci ya duba. Wanga ko ya karkata hagu, wajen taku guda." Ya sosa gemu. "Ko baƙo ne, ko ya san abin da ba mu sani ba."

Ya aika aka kawo zana, ya kafa ta a kan duwatsu ta rufe wurin ba tare da ta taɓa yashin ba. Ya ce wa Larai ita da 'yan'uwanta su riƙa zama kusa kamar masu tsinkar ganyen kalgo.

*

Talata muka shiga bukkokin 'yan gudun fari, tunda su ne baƙi. Uwani ta tare mu da hannu a ƙugu.

"Yanzu mu za mu kai kanmu cikin kwari? Tsoho, mun yi asarar shanu, ba mu yi asarar hankali ba. Hayaƙin sharar nan ma daga nan yana sa jikata tari."

"Uwar gida, ban ce ku ba ne. Ruwa na zo sha."

"Ruwan ma aune yake."

Ta kawo masa rabin moɗa duk da haka. Muka zauna har azahar ta yi, mazajensu suka yi sahu. Gabas sak suka duba, kamar mutanen gari.

Daga nan muka wuce gidan Alhaji Mamudu, mai manyan motoci biyu da ke jigilar hatsin agaji. Kowa ya san ya daɗe yana son tudun nan na bakin hanya ya gina sito da wurin tsayawar mota. Kuma ya je Makka, wataƙila ya san alƙibla fiye da kowa. Na shiga da zuciyata tana cewa shi ne.

Ya karɓe mu da goro da dariya.

"Sanda, har yanzu kana shinshinar ƙasa? Ni ina son tudun, ban ɓoye ba. Wa ba shi son wuri mai kyau? Amma dube ni." Ya daki tumbinsa. "Ni zan ɗauki siminti har takwas?"

"Ina ka yi asuba jiya, Alhaji?"

"Sahun gaba, bayan liman. Tambayi mutum ashirin."

Muka tambayi uku, duk suka tabbatar. Hannunsa ma gajere ne mai kauri, na gurbin kuwa dogo ne. A hanya Baba Sanda ya ce, "Bai ɗauka ba. Amma ka ga mutum yana dariya kahin a yi barkwanci, akwai abin da ya sani."

*

Ni a gidan Maigari nake kwana, wurin matansa. Mushe Salifu da Garba kuwa a wani aji na lakwal, wato makarantar boko, aka sauke su, shi ya sa ban taɓa ganin sallarsu ba. Ranar Laraba da la'asar na kai wa Mushe Salifu rahoton da ya ce in rubuta, wanda a ciki ya sa in ambaci "wani manomi mai iyaka da filin". Ban rubuta wannan jimlar ba, kuma ina tsoron abin da zai ce.

Na tsaya a bakin taga saboda na ga ya shimfiɗa darduma. Ya zaro busol ɗinmu na awo daga aljihu, abin nan mai allura da ke nuna arewa, ya ɗora a kan dardumar, ya jira allurar ta tsaya. Sannan ya ja bakin dardumar hagu.

Garba yana waje yana wanke filogin mota. Ya ga inda nake kallo.

"Kullum haka yake, Madmazel. Ya ce masallacin ƙauye duk a karkace suke. Ni dai na ce mishi, Mushe, kakannina sun mutu suna duban gabas, in sun ɓata sai mu ɓata tare."

"Ranar Litinin tare kuka yi asuba?"

"Ni da ke kwana cikin mato saboda zahi? Na ga dai ya shigo da hantsi yana wanke hannu, ya ce ya je miƙe ƙahwa."

Mushe Salifu shi ya koya mini riƙe sarƙar awo. Shi zai sa hannu a takardar kammala hidimata. Na tsaya a nan har ya sallame, na miƙa masa rahoton, na ce ina son aron busol in duba wani abu a taswira. Ya ba ni ba tare da ya ɗago ba.

A bayan kalgo Baba Sanda ya ɗaga zanar ya sake shimfiɗa sandarsa a kan gurbin, na ɗora busol a kanta. Allurar ta nuna digiri saba'in da ɗaya. Na san lissafin tun daga jami'a. Daga ƙasar Tasawa, Makka tana kan saba'in da ɗaya ne.

Na gaya masa duk abin da na gani.

"In na faɗa a gaban Kumandan, zai ce ƙarya nake, ya juya dardumarsa gabas."

"Kar ki ce komi tukuna. Mai da mishi abinai." Ya mayar da zanar. "Wane lokaci Kumandan ka zuwa?"

"Sun ce da azahar."

"Madalla."

*

Kumandan ya iso ranar Alhamis da sojoji huɗu, dogon mutum marar yawan magana. Aka taru a filin. Aka kawo Nuhu da igiyarsa, Alhaji Mamudu yana gefe cikin babbar riga, Mushe Salifu da Garba da ni muna tsaye kusa da mota. Maigari ya fara bayani yana nuna Nuhu.

Baba Sanda ya matso ya rusuna. "Ranka shi daɗe, lokacin salla ya yi. A yi ta nan, sannan in nuna maka abin da na gani. Ba ni son in yi shaida da salla a kaina."

Kumandan ya dubi agogo ya yarda. Liman ya shiga gaba ya fuskanci gabas, mutane suka fara sahu. Ni da Larai da Uwani muka koma gefe. Aka shimfiɗa wa Kumandan darduma.

Sai Mushe Salifu ya fito daga sahu, busol a tafinsa.

"Mon kapiten, ranka ya daɗe, a gafarce ni. Alƙibla ba nan take ba. Mutanen ƙauye ba su da abin awo." Ya sunkuya ya ja dardumar Kumandan hagu, ya zana layi a yashi da yatsa. "Ga ta nan daidai."

Liman ya ɓata rai, amma ba mai musu a gaban soja. Aka karkata aka yi salla.

Da aka sallame, Baba Sanda ya roƙi kada kowa ya taka layin. Ya ja Kumandan zuwa bayan kalgo, jama'a na biye, ya ɗaga zanar. Ya nuna taimamar, ya nuna farar ƙasar da ke cikin tafin, ya ɗora sandarsa.

"Wanda ya ɗauki turaku shi ya yi sallar ga. Nuhu ba shi yin ta. Mutanen garin ga kuma gabas suka sani. Ni jahili ne, ranka shi daɗe, ga mai ilimin."

Duk idanu suka dawo kaina. Na dubi igiyar da ke hannun Nuhu, na ce a ba ni busol. Na auna layin da Mushe Salifu ya zana, na faɗi lambar da ƙarfi. Na dawo na auna sandar, na sake faɗin lambar. Ɗaya ce. Na ƙara da cewa tsakanin sabbin turakun mita ashirin ne cif, aikin mai sarƙar awo.

"Madmazel Maimuna, ke ma ai kin iya busol," in ji Mushe Salifu.

"Ta iya," in ji Baba Sanda. "Ɗiyata, aza hannunki kusa da wancan."

Na buga tafina a yashi. Bai kai rabin gurbin ba. Garba ya buga nasa tun ba a ce masa ba, faffaɗa ne kamar faifai. Kumandan ya juya ga Mushe Salifu yana jira.

Mushe Salifu ya daɗe yana kallon hannunsa. Bai buga ba.

"Alhaji ya ce zai ba ni ɗaki ɗaya a cikin siton," ya ce. "Na ɗauka ba wanda zai lura. Filaye arba'in ne dai. Nuhu kuma... ban ce a kama shi ba."

"Ba ka ce a sake shi ba," in ji Larai.

Alhaji Mamudu ya fara rantsuwa, wani soja ya dafa kafaɗarsa, sai ya kama bakinsa.

Kumandan da kansa ya zaro wuƙa ya yanke igiyar Nuhu. Ya ce Salifu da Alhaji za su bi shi Tasawa, amma sai Salifu ya mayar da turakun inda ya same su, a kansa, kowa yana gani. Sannan ya tambaye ni ko akwai abin da zan ƙara.

Ban shirya ba, amma na ji kaina ina cewa, "Taswirar guda ɗaya ce, kuma a jakar biro take. Da kowa ya san ta, da ba a yi haka ba. A bar ni in zana uku, da aduwar da kwarin da kowace bishiya. Ɗaya a zauren Maigari, ɗaya a masallaci, ɗaya a majami'ar su Nuhu."

"Huɗu," in ji Uwani. "Mu da za mu zauna ciki hwa?"

Wasu suka yi dariya. Kumandan bai yi ba, amma ya ce, "Huɗu."

*

Mushe Salifu ya kai turke na farko da na biyu. A na uku ƙafarsa ta nutse a yashi ya durƙushe, simintin ya goge masa kunne. Ba wanda ya motsa.

Nuhu yana zaune yana murza wuyan hannunsa, Larai tana ba shi fura. Ya ajiye ƙwaryar ya tashi.

"Ina za ka?" in ji Larai. "Mutumin da ya so ka ruɓe a kaso?"

"In munka jira shi, sai magariba. Matan ga suna son su fara kwaɓa ƙasa gobe."

Ya je ya kama ƙarshen turken ɗaya. Mushe Salifu ya ɗago ya dube shi, ya buɗe baki.

"Kar ka ce mini komi, Mushe," in ji Nuhu. "Ban huce ba tukuna. Ɗaga naka gehen."